Babu Mai Ɗora Maka a Kan Dutse

Akwai wani mutum, manomi, a wani gari na bakin fadama. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, wansa ne ya rene shi, ya koya masa riƙon fartanya, ya yi masa aure. Da gonar gado ta yi wa gida biyu kaɗan, wan bai ce a raba ba. Ya tattara iyalinsa ya ce, “Auta, zauna ka noma ta ubanmu. Ni zan nemi wuri a bayan duwatsu.” Ya tafi, ya bar masa gonar ɗungum.

Allah kuwa ya sa wa gonar albarka. Mutumin ya cika rumbu ya gina wani, ya sayi shanun huɗa, har ya zama in ana shawara a gari sai an jira shi. Kowace kaka yakan ce wa matarsa Kande, “Bana sai na je na gai da Yaya.” Sai ya dubi abin da zai kai, ya ga bai isa ba. To, me za ka kai wa mutumin da ya bar maka gona? Sai ya ce, “Bari sai baɗi, in ƙara tarawa. Da wane ido zan dube shi da ɗan wannan?” Baɗi ta zama bana, bana ta zama bara, har furfura ta fito masa a gemu bai taka bayan duwatsu ba.

Ran nan, damina ta yi nisa, sai ga baƙo yana sallama a ƙofar gida. Zakka ne, mutumin kan dutse, wanda yakan sauko kasuwa da zuma. Bayan sun gaisa ya ce, “Saƙo ne a bakina, kuma ba mai daɗi ba. Wanka yana kwance, ko zama ba ya yi sai an tallafe shi. Ya ce, ‘Ka faɗa wa Auta ya zo in gan shi.’ Ni dai na ga jikin da idona. In za ka, kada ka yi nawa.”

Shekara da shekaru ba wanda ya kira mutumin Auta. Ya miƙe tsaye ya ce, “Gobe war haka ina hanya. Ko da rarrafe ne sai na je.”

Amma ta ina? Hanyar ƙasa, wadda take zagaye duwatsun, babban kogi ya yanke ta, ya cika ya batse, masu kwalekwale ma sun ja nasu tudu. Saura hanyar dutse, wadda bai taɓa bi ba. Zakka kuma ba zai raka shi ba, gama yana da kasuwannin gaba da zai ci, ba zai juyo ba sai wata ya tsaya. “Wanka kuwa,” in ji shi, “ban ce maka zai ga tsayuwar watan ba.”

A ba mutumin nan hakkinsa, ba rago ba ne wajen shiri. Ya san matambayi ba ya ɓata. Ya zaunar da Zakka a zaure, Kande ta dama fura, ya shiga jero masa tambaya.

“Kwana nawa ne?”

“Uku ga mai sauri. Na farko a ƙauyen gindin dutse za ka yi shi, cikin mutane. Sauran daga kai sai Allahnka.”

“Ruwa fa?”

“Akwai idon ruwa a gindin wani baure, bayan ka hau ka gaji. Cika gorarka a nan, don babu wani sai ka fara gangara. Inda kuma hanya ta rabu biyu, kada faɗi ya ruɗe ka. Mai faɗin magudanar ruwa ce, a bakin rami take ƙarewa. Bi siririyar, wadda aka tara wa tsakuwa a baki. In rana ta yi sanyi za ka ga kogo a hannun dama, hura wuta a bakinsa ka kwanta.”

“Jakina zai hau?”

Zakka ya ƙyalƙyale da dariya. “Jaki? Akwai wurin da akuya ma sai ta tsaya ta yi shawara.”

Mutumin ya sa Zakka ya zana masa hanyar a ƙasa da kara, ya yi ta maimaitawa har ta zauna masa. Da za su rabu, Zakka ya ciro wata jakar fata mai maɗauri biyu, irin wadda mutanen dutse suke ratayawa a baya, ya ce, “Ungo aron wannan. Mu a can a baya muke ɗaukar kaya.”

Mutumin ya dubi jakar sheƙeƙe. “Goyo? Ni da gemuna? Haba Zakka, ai ko jego nake yi ba na ratsa garin nan da goyo ba. Kaya a ka ake ɗaukarsa, haka muka gada.”

Zakka ya mai da jakarsa ya ce, “To, wuyanka ne.” Ya sha sauran furarsa ya kama hanya.

Kayan sammako da maraice akan ɗaure shi. Kande ta haɗa guzuri, ƙanzo da ƙuli-ƙuli da dakuwa, abin da ba ya tsami a hanya. Shi kuwa ya ɗauko gora da ƙyastun kunna wuta da bargo, ya zaɓi sanda mai ƙwari, ya kai takalminsa wurin baduku aka ƙara masa ɗinki. Duk wannan in ka ƙunshe shi, yaro ma ya ɗauka ya yi gudu.

Sai aka zo kan tsaraba, nan fa ake yin ta. Ya auno shinkafa, gama ya ji mutanen can acca suke ci, shinkafa sai ranar biki. Ya sa gishiri. Ya sa busasshen kifi, ya sa man gyaɗa, ya sa babbar riga da ya ɗinka wa wansa tun shekarun baya, da zannuwa na matar wan, da sabuwar garma. Ya tsaya ya duba, ya ga har yanzu bai kai gona ba, ya ƙara shinkafa.

Kande ta ce, “Maigida, kayan nan bai yi yawa ba kuwa?”

Ya ce, “Yawa? Shekarun da na yi ban je ba su ne masu yawa. So kike matar Yaya ta ce ƙanin mijinta ya zo mata hannu rabbana?”

Kande ita ma wannan maganar take tsoro. Har ta shiga ɗaki ta ƙaro daddawa.

Ya naɗe kayan a tabarma, ya yi masa ɗaurin huhun goro. Don kada a ce bai gwada ba, ya kira maƙwabtansa biyu, Kande ta murɗa masa sabon gammo, suka kama suka ɗora masa. Ya zagaya tsakar gida, ya sake zagayawa.

Suka ce, “Ya ɗauku?”

Ya ce, “Sarai.”

Suka ce, “Kai, namiji! Wanka zai san ya bar ƙane a gida.” Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya tambayi ruwa, ya tambayi makwanci, ya tambayi mararraba, ya gwada wuyansa. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, kuma ba wauta ce ta hana shi ba.

Da asuba suka yi addu'a shi da Kande, maƙwabta suka ɗora masa, ya fita. Wunin farko lafiya lau. Hanya cike take da mutane, masu zuwa gona da masu zuwa kasuwa. In ya gaji ya sauke a inuwa, in ya huta ya ce wa duk mai wucewa, “Bawan Allah, ɗora mini,” a ɗora masa har da “sannu da kaya”. Ya kwana a ƙauyen gindin dutse, da gari ya waye mai masaukinsa ya ɗora masa, ya raka shi bakin hanya ya juya.

Ya fara hawa, hannu ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan sanda. Tun yana jin carar zakarun ƙauyen har ya daina ji. Wuya ya ɗauki zafi, gumi yana shiga masa ido ba hannun sharewa. Ya cije ya ce, “Yaya yana jirana.” Rana ta take tsaka sa'ad da ya hango bauren. Ya isa, ya sunkuya ya zame kayan ƙasa, tim! Ya kafa baki ya sha ruwa, ya cika gora, ya tauna ƙanzo, ya gode wa Allah.

Da ya huta, ya gyara gammo a ka, ya durƙusa, ya kama gefen kayan kamar yadda ya saba, ya ce, “To, kama mini nan.”

Shiru. Ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma. Babu kowa sai wasu birai a kan dutse sun zuba masa ido.

Kun ga abin da bai tambaya ba? A garinsu ba a taɓa auna kaya da hannun mai shi ba, da wuyansa ake aunawa. In wuya ya ɗauka, shi ke nan, gama mai ɗorawa ba ya wuya. Ko maƙiyinka ne ya tarar da kai da kaya a ƙasa, kunya ta sa ya kama maka. Tun da aka haifi mutumin nan bai taɓa ɗora wa kansa babban kaya ba, bai kuma taɓa lura da haka ba. Zakka ma bai faɗa masa ba, don a wurin mutanen dutse wannan ba abin faɗa ba ne, ko yaro ya san abin da ba za ka iya ɗagawa kai kaɗai ba, ba naka ba ne a hanyar nan.

Amma mutumin bai karaya ba. Ya rungumi kayan ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya faɗi da baya. Ya tashi ya mirgina shi bisa wani dutse, ya shiga ƙarƙashi ya yunƙura. Kayan ya goce, tulun man gyaɗa ya fashe a ciki, mai ya bi shinkafa ya bi babbar riga. Ya sake, ya kuma sakewa, har tafin hannunsa ya ɗaye. Sai ya zauna ya ce, “Hanya ce ai, wani zai wuce.” Ya yi addu'a, “Ya Ubangiji, aiko mini da mutum.” Inuwar baure ta juya, rana ta faɗi, ba wanda ya wuce. A nan ya kwana, kusa da kayansa, nesa da kogon da aka kwatanta masa.

Gari ya waye, hanya wayam. Ya zauna ya tasa kayan a gaba, zuciyarsa tana ƙuna, gama ya san wunin da ya zubar jiya daga cikin kwanakin wansa ya zubar da shi. In ya koma ƙauye neman mai taimako, wani wunin ya tafi. In ya zauna jira, wa ya san ranar da mutum zai biyo? In kuma ya tafi haka, da wane ido?

Yana cikin wannan sai saƙon ya dawo masa, kamar yadda Zakka ya faɗe shi. Ya furta shi a fili, “Ka faɗa wa Auta ya zo in gan shi.” Ya sake furtawa a hankali. Ya kama baki.

“Ya zo, aka ce. Ba a ce ya kawo ba.”

Sai hawaye. Dattijo da furfurarsa, ya yi kuka sosai a gindin baure, kukan baƙin ciki da jin kunya, gama ya gane ba dutse ba ne ya raba shi da wansa duk shekarun nan. Da ya gama ya wanke fuska, ya ciro wuƙa ya yanke igiyar.

Kada ku ce abin ya zo masa da sauƙi. Ya ajiye garma ya ɗauka, ya ajiye ya ɗauka. Ya ce ko rabin shinkafar ne, ya ɗaga ya ji, ya dubi hawan da ke gabansa, ya ajiye. A ƙarshe ya jingine kome a gindin bauren ya rufe da tabarma, ya ce, “Mai rabo ya ɗauka.” Ya zuba guzuri da ƙyastu a cikin bargo, ya ɗaure da igiyar, ya jefa a baya, ya ɗaure a ƙirji tamau. Ga mai gemu da goyo! Birai ne kaɗai suka gani, su kuwa hankalinsu yana kan kifi.

Ya kama hawa, ba ya waiwaye. Bai yi nisa ba ya iso wurin da akuya take shawara, dutse a tsaye, sai da hannu da ƙafa, rami a gefe. Ya dube shi ya girgiza kai, gama ko mutum goma ne suka ɗora masa a gindin baure, nan kayan zai tsaya, ko kuwa su gangara tare. Ya soke sanda a goyonsa ya rarrafa ya haye. A mararraba ya bar mai faɗi ya bi siririya. Ruwan sama ya dake shi, bai fake ba. Ƙafa ta yi bororo, ya yage bakin rigarsa ya ɗaure. Guzurin Kande da gorar ruwa su suka riƙe shi, yana tafiya yana tauna, yana cewa, “Ya Ubangiji, riƙe mini numfashinsa, ni zan riƙe ƙafata.”

Sa'ad da ya gangaro bakin garin wansa, ya tsaya ya kasa kunne, ko zai ji kukan mutuwa. Bai ji ba, sai ƙarar daka da hayaniyar yara. Aka nuna masa gidan. A ƙofa kunyar nan ta sake taso masa, ya dubi hannuwansa, ya dubi yagaggiyar rigarsa. Kafin ya yi sallama matar wansa ta fito da ƙwarya, ta gan shi, ƙwaryar ta kuɓuce mata.

“Ƙanin miji! Sai yau? Shiga, shiga maza. Kullum sai ya tambaya ko an ga mai saukowa daga dutse.” Ko hannunsa ba ta duba ba.

Ya shiga ɗaki ya durƙusa a bakin gado. Wan ya buɗe ido da ƙyar.

“Auta, kai ne?”

“Ni ne, Yaya.”

“Ka yi furfura. Me ya riƙe ka haka?”

“Ina tara abin da zan kawo maka ne.”

“To, ina yake?”

“Yana kan dutse, Yaya. Birai suna ci.”

Wan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, “Allah ya amfana musu. Matso, ɗaga ni in zauna, in dube ka da kyau.”

Mutumin ya sa hannu ya ɗaga shi. Ƙaton nan da yakan saɓa shi a kafaɗa su tafi gona, yanzu babu nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. Ya jingina shi a ƙirjinsa, suka daɗe a haka suna magana. Bayan 'yan kwanaki wan ya rasu, kansa a cinyar ƙanensa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: wan nan da ya bar gona ya kuma aiko kira, yana nuna mana Ubangiji, wanda ya ba mu kome tun ba mu roƙa ba. Mutumin kuwa ni ne, kai ne, ke ce. Kayan shi ne duk abin da muke tarawa don mu iya duban Allah ba kunya.

Na san mu sarai. Wani ya ce, “Sai na bar shan burkutu tukuna in zo sujada.” Wata ta ce, “Da wannan tsohon zanen zan shiga cikin mata?” Wani ba shi da abin sakawa a kwanon baiko, sai ya zauna a gida. Wani kuma kullum yana nan a bencin gaba, amma ayyukansa yake ɗauke da su a ka, yana jira a ce masa, “Kai, namiji!” Muddin kana cikin jama'a kayan nan yana ɗaukuwa, gama akwai masu ɗora maka da yabo. To, akwai ranar dutse. Ranar ciwo, ranar da asirinka ya tonu, ranar da za ka tsaya gaban Allah, ba maƙwabci, ba mai sannu. Ran nan za ka ce, “Kama mini nan,” ka ji shiru.

Ban ce kada ku yi shiri ba. Shiri ne ya fid da mutumin nan: ya tambayi wanda ya san hanya, ya riƙe abin da aka faɗa masa, ya ɗauki guzuri. Ku ma ku tambayi waɗanda suka riga ku bin Almasihu, ku yi guzurin addu'a da Maganar Allah, in hanya ta rabu kada faɗi ya ruɗe ku. Wannan ba ya karya wuya. Abin da yake karya wuya shi ne ka ce sai ka biya kuɗin gonar da aka ba ka kyauta. Ba za ka iya ba, ba a kuma ce ka biya ba. Kai ake nema.

Saura magana ɗaya, kuma ba zan sassauta ta ba. A cikin ɗakin sujadar nan akwai mai uwa a ƙauye, akwai mai wa, akwai mai gwaggo da ta goye shi, ya yi shekaru bai je ba, wai sai ya sami abin kai mata. Mutumin misalinmu ya tarar da nasa da rai. Ni na sha zuwa jana'iza na ga waɗanda suka iso da buhun shinkafa aka dafa wa masu gaisuwa. In an tashi sujada yau, je gida ka duba takalminka, ka cika gorarka. Gobe da sassafe ka kama hanya.